Kaucin Da Na Ɓoye Wa Auta

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi, wata malamar firamare da ke haya a layinmu tana rubutawa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana. Labarin wani laifi ne da na yi wa 'yata, autata, shekara uku cur ina yi ina sane. Zan faɗe shi yadda ya faru. Ba zan wanke kaina ba, ba kuma zan yi ta zagin kaina don a ji tausayina ba.

Biyar na haifa, biyu suka girma, ɗan fari da auta. Ɗan fari tun yana raye ba na kama sunansa, balle yanzu. Yana da shekara shida farfaɗiya ta fara kayar da shi. Lokacin ba mu daɗe da tasowa daga garinmu na asali ba, wanda ruwan madatsar Tiga ya shanye. Aka kawo mu nan ɓangaren Bebeji aka yanka mana filaye, mazajenmu da suka tashi da fartanya a kafaɗa suka koma koyon taru da kwalekwale da girmansu. Dangi kuwa aka warwatsa mu. Gwaggona, yayar babana, can wajen Tudun Wada aka ajiye ta, ita kaɗai, don Allah bai ba ta haihuwa ba.

Ita ce mai maganin farfaɗiya a zuri'armu. Maganin abu uku ne. Biyu ta faɗa mini tun ranar da na fara kai mata yaron: saiwar gwandar daji da ɓawon hano. Na ukun ba ta faɗa ba. Sai dai in haƙo nawa biyun in kai mata, ta shiga ɗaki ta saki labule, in ji daka, ta fito mini da ƙulli. Haka ake yi a gidanmu tun kakanni. Mai magani takan faɗi komai ta riƙe ɗaya, shi muke ce wa makulli, kuma ba ta sakinsa sai ta ga alamar tafiyarta ta zo.

Shekara goma sha ɗaya ina hawa motar kasuwa zuwa wajenta, duk bayan wata biyu. In na je ba ta sallama ta a ranar. Sai ta ce saiwar ba ta gama bushewa ba, in kwana biyu. In yi mata wanki, in tsefe mata kai in yi mata kitso, in gyara mata dangar da awaki suka karya. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita, bayan la'asar, ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ta jawo kunnena. Ta ce kauci ne. Kauci kowa ya san shi, tsiron nan da ke fitowa a reshen wata bishiya yana shan ruwanta. Amma kauci ba ɗaya ba ne. Na ɗorawa daban, na kaɗanya daban, na tsamiya daban, kowanne yana ɗaukar halin bishiyar da ya hau. Ta faɗa mini sunan bishiyar. Ta ce da tana nan birjik a bakin rafin garinmu, yanzu duk tana ƙarƙashin ruwa, sai 'yan tsiraru da suka rage a duwatsun Riruwai, wani makiyayi ne ke kawo mata. Bayan rasuwarta maigidana ya riƙa kai ni can sau ɗaya a shekara, in tsinko abin da zai ishe mu.

Maganin ya yi wa yaron nan aiki, wannan kam da idona na gani. Da a mako ɗaya sai ya faɗi sau uku. Da ya zauna a kan maganin sai a yi wata huɗu, wata biyar, shiru. Ya girma ya zama saurayi mai ƙarfi, yana noman ranin tumatir da albasa a bakin kanal. Abu biyu muka hana shi, kusa da wuta da hawa ruwa. Wata safiya, yana da shekara ashirin da biyu, ya kwance kwalekwalen babansa ya tafi duba taru, don abokansa na ce masa namijin da ba ya shiga ruwa. Kafin azahar aka kawo mini shi a kan kafaɗa.

Auta shekararta takwas a lokacin. Ranar sadakar bakwai, an watse, ina tattara kwanuka, ta tsugunna kusa da ni ta ce, "Inna, mene ne a cikin kan Yaya da yake kayar da shi?"

Na ce, "Allah ne ya ɗora masa."

Ta ce, "Na sani. Amma ta ina abin yake bi?"

Na ce ta tashi ta ɗebo ruwa. Ta tashi ta ɗebo, amma tambayar ba ta ajiye ta ba. Da ita ta gama firamare, da ita ta tafi makarantar kwana, da ita ta shiga jami'a ta karanta haɗa magunguna. Daga nan aka ɗauke ta zuwa wata ƙasa mai sanyi inda ta yi shekara biyar tana karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta dawo da abin da ake ce wa digirin digirgir. Babanta bai ga dawowarta ba. Ta yi aure a birni, ta haihu, ta kama aiki a jami'a.

Da farko mutanen garinmu sun ɗauka sun yi likita. Duk ranar da ta zo sai ƙofar gida ta cika, mai ciwon gwiwa, mai tari, mai neman allura. Ita kuwa sai ta durƙusa ta gaida manya ta ce ba ta duba marasa lafiya, aikinta shi ne gwada magani a kan ɓeraye kafin ya kai ga mutum. Maƙwabciyata, tsohuwa ce kamar ni, mai soya kifi a bakin tasha, tun daga ranar ta raɗa mini suna. In ta leƙo ta katanga sai ta ce, "Uwar likitan ɓeraye, kin tashi lafiya? Ki ce mata na rumbuna duk suna tari." Ni kuma in ce, "Su zo da kati, ba a ganin ta sai da layi." Mu yi dariya. Amma a raina na san 'yata ta fi duk likitocin da suke nufi, ko da ban san yadda zan yi musu bayani ba.

Gidan nan ɗaki huɗu ne, ni kaɗai ce a ciki. Auta ta yi ta fama in koma wajenta. Na je na yi kwana goma sha biyu. Gida ne mai kyau, amma da safe kowa ya fita, a ja ƙofar ƙarfe, har yamma ba wanda zai yi sallama. Na ce a mayar da ni inda in na yi tari wani zai ce sannu ta katanga. Ta saya mini waya, tana kira ranar Juma'a. Zuwa kuwa sai Sallah, wani lokacin ma ta zo da safe ta koma da yamma. Ban taɓa ce mata ina kewarta ba. Ba halina ba ne.

Wata rana bayan kaka, ba Sallah ba, ba rasuwa ba, sai ga mota a ƙofar gida. Ta shigo da littafi a hannu. Bayan ta ci abinci ta ce, "Inna, maganin da kike ba Yaya nake so. Na samu izini a wajen aiki in bincika shi. In yana da amfani, ina so a san abin da ke cikinsa, a san ma'auninsa, ya zama ƙwayar da kowa zai samu a asibiti."

Daɗin da na ji a ranar ba ya faɗuwa. Na ce ta jira ni, zan shiga ɗaki in haɗa mata ƙulli, kamar yadda Gwaggo take yi mini. Ta girgiza kai. Ta ce ba ta aiki da gari. Sai ta ga bishiyar a tsaye, ta ga ganyenta da furenta, ta kai wa masanan tsirrai su tabbatar mata da sunanta. Ta buɗe littafi ta ce in lissafo.

Na ce saiwar gwandar daji. Ta rubuta. Na ce ɓawon hano. Ta rubuta. Na ce kauci.

"Na wace bishiya?"

Na dubi alƙalamin nan yana jira a kan takarda. Na ce, "Na ɗorawa."

Na gaya wa kaina al'adar gida na bi, ga ni da lafiyata, lokacin sakin makulli bai yi ba. Wannan gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya ɗarsu a raina shi ne, in na ba ta duka yau, za ta zuba a mota ta tafi, aiki ya yi kyau, shi ke nan sai Sallah. In kuwa bai yi daidai ba, dole ta dawo ta tambaye ni. Na ce sau ɗaya kawai. In ta dawo karo na biyu zan faɗa mata.

Ta dawo kuwa. Bayan wata uku sai ga ta, ta ce ba ta ga komai ba, ko a wane lokaci nake haƙar saiwar? Na ce da sassafe kafin rana ta yi zafi. Muka shiga mota zuwa dajin Ɗansoshiya da ƙaramar diga da buhuna. Ina gaba da sandata tana bina, ina nuna mata wannan sanya ce, wannan taura, wannan tsada, tana ta rubutu kamar 'yar makaranta. Da rana muka zauna a inuwar kaɗanya muka sha fura da nonon da muka saya a wata ruga. Ta cire takalmi ta miƙe ƙafa. Ta ba ni labarin ƙasar sanyi, yadda ta yi wata biyu ba ta ga rana sosai ba, yadda take dafa tuwon garin masara ita kaɗai ta ci tana kuka. Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Muka dawo gida ta kwana a ɗakina. Na ce wa kaina, sai karo na uku zan faɗa mata.

Haka abin ya yi ta tafiya. Ta dawo ta tambayi yadda nake shanya, a rana ko a inuwa. Ta dawo ta tambayi ko jiƙawa nake ko dafawa, a tukunyar ƙasa ko ta ƙarfe, da jar kanwa ko babu. Ta dawo da damina ta ce ko ganyen damina ya fi na rani. Kowace tambaya na ba ta amsa ta gaskiya, ban ƙara mata ƙarya ko ɗaya a kan ta farko ba. Na sa aka yi wa ɗakin babanta sabon daɓe, na sayi gidan sauro. Maƙwabciyata ta ce, "Ke kam kin ƙara ƙiba. Ko ɓerayen ne ke aiko miki da tsaraba?"

A shekara ta biyu ta ce in zo in ga inda take aiki. Aka sa mini farar riga a kan zanina, aka ba ni safar hannu. Ɗaki ne mai sanyi, yana warin asibiti. Na ga saiwoyina sun zama wani baƙin ruwa mai kauri a 'yan kwalabe, kowace da rubutu a jikinta. Na ga sikelin da ke auna abin da bai kai ƙwayar gero ba. Na ga hannun 'yata, wannan hannun da ba ya iya tuƙa tuwo ba gudaji, yana ɗiga magani ɗigo-ɗigo ko rawa ba ya yi. Ta nuna mini ƙwaƙwalwar ɓera da aka yanka ta fi ɓawon albasa sirantaka, an ɗora a kan gilashi. Na leƙa ta madubin da ke kumbura abu, sai na ga kamar saiwoyin ciyawa sun sarƙe da juna.

Ta ce, "Inna, kin tuna tambayar da na yi miki ranar sadakar Yaya? Ga hanyar da yake bi. Waɗannan 'yan zaren saƙo suke miƙa wa juna. Kin san lugude, mata uku a turmi ɗaya, wannan ta saki taɓarya wannan ta ɗaga. Haka suke aiki in ana lafiya. Farfaɗiya ita ce duk su saki taɓarya a lokaci ɗaya. Magani mai kyau shi ne wanda zai mayar da kowa kan layinsa ba tare da ya sa su barci ba."

Shekaru da shekaru ina ba da maganin ciwon nan, ranar na fara ganin kamanninsa.

Sai aka kawo fararen ɓeraye a kejinansu. An ba wasu maganina, an ba wasu na asibiti, wasu ruwa kawai. Na ce ta nuna mini waɗanda suka sha nawa. Ta ce ba ta sani ba. Wata abokiyar aikinta ce ta raba, ta rufe takardar a aljihun tebur, ba za a buɗe ba sai an gama ƙirga. Na ce don me? Ta ce, "Don ina so maganinki ya yi aiki, Inna. In na san wanda ya sha, idona zai iya nuna mini abin da zuciyata ke so. Gara a ɓoye mini."

Ta yi wa ɗaya allurar da ke tayar da ciwon, ta danna agogo. Ɓeran ya ɗan zagaya, ya tsaya, sai ya ƙame, ƙafafunsa suka miƙe, wuyansa ya lanƙwashe baya. Haka yaron nan yake yi, ba bambanci. Auta ba ta ɗauke ido ba, ta rubuta lokacin da ya ɗauka. Ni na fita waje na zauna a kan dakali. Ta same ni a can ta dafa kafaɗata ta ce ta yi kuskure da ta bari na gani. Maganar kaucin ta zo mini har bakin leɓe. Sai ta ce wata mai zuwa za ta zo mu gwada saiwar da aka haƙa bayan ruwan farko. Na haɗiye.

Ƙarshen shekara ta uku ta zo da hantsi, ba diga ba buhu. Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ce in zauna. Ta rame, na lura da haka tun shigowarta.

Ta ce, "Inna, zan rufe aikin nan. Na juya shi ta kowace fuska, ban ga komai ba. Ɗalibaina biyu a kansa suka yi nasu karatun, su ma haka. Shugabanmu ya ce in rubuta abin da na samu in koma wani abu."

Na ce, "Me za ki rubuta?"

"Cewa ba ya hana ciwon."

"A takarda? Kowa ya karanta?"

"Dole ne. Abin da bai yi ba ma ana rubutawa, don kada wani ya sake wahala." Ta sassauta murya. "Kada ki sa a ranki. Ciwon yakan lafa da kansa a wasu mutane in suna girma. Wataƙila haka ya faru da Yaya."

Zan so in ce tausayin ramar da ta yi ne ya buɗe bakina. Ba shi ba ne. Abin da ya buɗe bakina shi ne a ce maganin Gwaggo ruwan banza ne, a ce shekara goma sha shida da na yi ina jiƙa wa ɗana magani wahalar banza na yi, kuma a rubuta a ajiye.

Na ce, "Ba kaucin ɗorawa ba ne."

Ta ɗago kai. Na faɗa mata sunan bishiyar. Na faɗa mata zancen makulli, da labulen Gwaggo, da duwatsun Riruwai. Ina cikin magana maƙwabciyata ta yi sallama da kifi a faranti, ta fara, "Uwar likitan..." Ta dubi fuskokinmu, ta ajiye farantin a bakin rijiya ta juya.

Auta ba ta ɗaga murya ba, ban haifi mai ɗaga mini murya ba.

Ta ce, "Tun ranar farko kin sani?"

"Na sani."

"Ranar da kika zo kika ga ɓeran nan, kin sani?"

"Na sani."

"Shekara uku, Inna. Ɗaliban nan biyu na ce musu uwata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ce al'adar gidanmu ce, haka Gwaggo ta yi mini. Ta ce, "Gwaggo ta ɓoye miki suna, amma maganin gaskiya take ba ki." Ta tambaye ni dalili, sau biyu. Na buɗe baki in ce don ki riƙa zuwa, sai na ji maganar ta fi ƙarfina. Na ce, "Haka dai." Ina jin ta gane, don ta dubi ƙofar ɗakin babanta da sabon daɓensa, ta kawar da kai.

Washegari bayan asuba muka kama hanya. Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa daji, muka shiga ƙasar Doguwa. A da in muna mota bakinmu ba ya rufuwa. Ranar direba ne kaɗai ya yi magana, shi ma da ya ga ba mai amsawa ya kama bakinsa. A Riruwai muka bar mota a bayan tsofaffin ramukan haƙar kuza muka taka. Rabona da wurin tun maigidana na da rai, gwiwoyina ma ba na da ba ne, amma ƙafata ba ta manta hanya ba. Inda dutse ya yi mini tsayi ta miƙo mini hannu na kama, ba ta dube ni ba.

Bishiyoyin suna nan, guda biyar a wani kwari, kauci ya yi tuntu a rassan biyu daga ciki. Na cire mayafina na shimfiɗa a ƙasa. Ta ce na mene ne? Na ce ba a bari ya taɓa ƙasa, haka na gada. Wani manomi da ke kusa ya ara mana maƙata, aka saƙalo, ya faɗo a kan mayafin. Ta ɗauki hoton bishiyar da ganyenta da ɓawonta, ta sa alamar wurin a wayarta, ta danne ganye a tsakanin takardu. Sannan ta buɗe littafi ta rubuta har da zancen mayafin.

Na ce, "Har wannan za ki rubuta?"

Ta ce, "Komai nake rubutawa. Ban san wanne ne ke da amfani ba sai na gwada. Wanda zai zo bayana ba zan riƙe masa komai ba."

Kafin mu sauko ta yi magana da manomin nan ta karɓi lambar wayarsa, suka shirya shi zai riƙa tsinko mata. Ina tsaye ina ji.

Shugabanta ya ƙara mata lokaci, da ƙyar, ta ce sai da ta faɗa masa gaskiyar abin da ya faru a gaban mutane. Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Motar wajen aikinsu takan bi ta Kwanar Ɗangora ta wuce Riruwai ta dawo, ba ta karyo kwana zuwa wajenmu. Wani lokacin mai kifi ce ke ba ni labari, ta ce wani ya gan su suna shan mai. Ta daina ce mini uwar likitan ɓeraye, da sunan ɗan farina take kirana yanzu, kuma na fi son na da. Auta ba ta yi gaba da ni ba. Tana kira ranar Juma'a, tana aiko da shinkafa da magungunan gwiwa, ta zo da yara da Sallah suka koma da yamma. Ɗakin babanta na zuba buhunan masara a ciki.

Sunan bishiyar ba zan faɗa a nan ba. Wannan karon ba ni na riƙe ba, Auta ce ta hana. Ta ce kada mutane su ji su je su sha ba ma'auni, su kuma ƙarar da bishiyoyi biyar ɗin nan.

Ran Talatar da ta wuce, bayan azahar, ina tsince wake a tsakar gida waya ta yi ƙara. Na yi mamaki, don ba ranarta ba ce. Ta gaishe ni, ta ce an buɗe takardar da ke aljihun tebur. Ɓerayen da suka sha na gaskiyan sun fi daɗewa kafin su faɗi, wasu ma ba su faɗi ba. Ta ce kada in yi saurin murna, da sauran tafiya mai nisa. Sai an duba ko yana taɓa hanta ko ƙoda, sai an ware abin da ke aikin a cikinsa, kafin ya kai ga mutum wataƙila ita kanta ta tsufa. Amma ba ruwan banza ba ne.

Na ce, "Da ma na sani."

Ta ɗan yi dariya, rabon da in ji dariyarta an daɗe. Ta ce za ta sa sunana da na Gwaggo a takardar. Na ce ta sa na Gwaggo a gaba. Sai ta ce, "Inna, kafin in rubuta, tambaya ɗaya. Akwai sauran wani abu da ba ki faɗa mini ba? Ko ƙarami ne. In akwai, gobe zan taho."

Na dubi tsakar gidan. Kaji biyu na tono a gindin darbejiya, turmi na kife a inda yake tun bara. Da na ce akwai, da gobe war haka mota na ƙofar gida. Ba ma sai na yi babbar ƙarya ba, in ce akwai abin da ba a faɗa ta waya.

Na ce, "Babu. Duk na ba ki."

Ta ce, "To, Inna. Sai Juma'a."

Na ce Allah ya kai mu. Na ajiye wayar a kan tabarma na ci gaba da tsince wakena.